Mutum Huɗu a Fili Ɗaya: Gasar Tanis ta Maza 'Yan Bibbiyu

Kusan kowace gasar tanis ta ƙwararru tana da kofi biyu da maza ke nema. Akwai na 'yan ɗai-ɗai, inda mutum guda ke fuskantar mutum guda, akwai kuma na 'yan bibbiyu, inda mutum biyu ke haɗa gwiwa su kara da wasu biyun. A mako ɗaya ake buga su, a filaye ɗaya, da ƙwallo iri ɗaya. Sai dai gidajen talabijin sun fi karkata ga na farkon. Shi ya sa matashin da ke bin wasanni a Gusau ko Anka zai kawo sunan Federer da Nadal da Djokovic ba tare da dogon tunani ba, amma da wuya ya taɓa jin labarin Bob da Mike Bryan, tagwayen Amurka da suka ɗauki kofi 119 tare. Wasan bibbiyu sana'a ce mai zaman kanta, da dabarunta da gwanayenta, kuma a cikinta ne ɗan Najeriya ya taɓa hawa matsayi mafi tsawo a jadawalin tanis na duniya.

Fili da ƙa'ida

Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, ko mutum biyu ne a kansa ko huɗu. Faɗin ne ke sauyawa. 'Yan ɗai-ɗai suna amfani da mita 8.23, 'yan bibbiyu kuwa mita 10.97. Bambancin yana cikin ziri biyu da ake gani a gefen dama da gefen hagu na filin, kowanne mai faɗin mita 1.37. Ƙwallon da ta faɗa cikin zirin a wasan ɗai-ɗai ta fita, a wasan bibbiyu kuwa tana ciki. Idan aka raba faɗin gida biyu, kowane ɗan wasa bai kai mita biyar da rabi yake tsaro ba, alhali ɗan ɗai-ɗai yana tsaron sama da mita takwas shi kaɗai. Saboda haka gurbin da za a zura ƙwallo ya ragu, gudu ma ya ragu, abin da ake buƙata sosai shi ne saurin hannu da saurin yanke shawara.

Ragar da ta raba filin tsayinta a bakin turaku mita 1.07 ne, a tsakiya kuwa santimita 91.4. Wannan ɗan rankwafawar da ta yi a tsakiya tana da tasiri a kan inda 'yan wasa ke son aika ƙwallo.

Kowane maki da sabis ake buɗe shi. Mai sabis yakan tsaya bayan layin ƙarshe ya buga ƙwallo a karkace zuwa akwatin da ke ɗaya ɓangaren ragar, kuma akwatin bai haɗa da zirin gefe ba. Dama biyu yake da ita. In ya ɓata duka biyun, makin ya tafi ga abokan hamayya. A farkon kowane turmi, kowane ɓangare yakan zaɓi wanda zai fara yi masa sabis, daga nan sai aikin ya riƙa zagayawa tsakanin mutum huɗun bi da bi, ba a sauya jerin sai turmin ya ƙare. Haka masu karɓa: ɗaya ya ɗauki dama, ɗaya ya ɗauki hagu, kowa ya riƙe gefensa har ƙarshen turmi. Wanda aka nufa da sabis shi kaɗai ke da ikon mayar da shi. Da zarar ya mayar, to ƙwallo ta zama ta kowa. Wanda ya saba da tanis na tebur, inda dole abokan wasa su riƙa bugu ɗaya bayan ɗaya, sai ya lura da wannan bambanci, domin a nan mutum ɗaya zai iya buga ƙwallo sau biyar a jere abokinsa yana tsaye. Sabis ɗin da ya bugi abokin mai bugawa kuskure ne. Wanda kuwa ya bugi abokin mai karɓa tun bai taɓa ƙasa ba, makin na masu sabis ne.

Lissafin maki

Ana ƙirga maki 15, 30, 40, na huɗu ya ba da gem. Wanda ya fara cin gem shida da ratar biyu ya ci turmi, wato abin da 'yan wasa ke kira set. In aka yi shida da shida sai a shiga raba-gardama, inda ake neman maki bakwai da ratar biyu. A tsohon tsari, idan aka yi kunnen doki a 40 da 40, sai ɓangare ɗaya ya ci maki biyu a jere kafin gem ya ƙare, abin da kan ja lokaci sosai.

Tun daga 2006, ƙungiyar ATP, wadda ke tafiyar da gasannin ƙwararrun maza, ta taƙaita wasan bibbiyu ta hanya biyu. In an kai 40 da 40, maki ɗaya tak ake bugawa, masu karɓa su zaɓi wanda zai karɓi sabis ɗin a cikinsu, wanda ya ci ya ci gem. In kuma kowane ɓangare ya ci turmi ɗaya, ba a buga na uku. Raba-gardama mai maki goma ake yi a maimakonsa. Masu shirya gasa sun ji daɗin haka, don yanzu suna iya ƙiyasta lokacin da wasa zai ƙare, su sa shi a babban fili kafin na 'yan ɗai-ɗai. Amma tsarin ya ƙara wa sa'a ƙarfi. Ƙwallo ɗaya da ta goge saman raga ta faɗa can gefe tana iya karya aikin awa guda, kuma gwanayen da suka fi kowa sukan faɗi a zagayen farko fiye da yadda takwarorinsu na ɗai-ɗai ke faɗuwa.

Manyan gasanni huɗu na duniya, wato na Ostareliya a Janairu, na Faransa a ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan a tsakiyar shekara, da na Amurka a ƙarshen Agusta, sun riƙe tsohon lissafi a wasan maza, da cikakken turmi na uku. Wimbledon ma turmi biyar ake yi a cikinta har zuwa 2022, sai a 2023 aka mai da shi uku. Wasan ƙarshe na 2019, wanda Juan Sebastián Cabal da Robert Farah na Kolombiya suka doke Nicolas Mahut da Édouard Roger-Vasselin na Faransa, kusan awa biyar ya ci.

Aikin kowane mutum

A yawancin makuna, mutum biyu ne ke baya, mai sabis da mai karɓa, biyu kuma suna gaba. Mai kallo sabon shiga yakan zuba ido a kan wanda ke riƙe da ƙwallo, alhali mafi haɗari a fili shi ne abokin mai sabis, wanda ke tsaye taku kaɗan daga raga. Aikinsa ya tare ƙwallo tun tana sama ya danna ta ƙasa. Ko bai taɓa ƙwallon ba, motsinsa kaɗai yana takura mai karɓa, domin dole mai karɓa ya ratsa da ƙwallon ta wani ɗan siririn gurbi, a karkace, ƙasa-ƙasa, inda na raga ba zai kai ba. A wasan ɗai-ɗai, mayar da sabis tsakiyar fili da tsayi abin yabo ne. A wasan bibbiyu kuwa wannan bugun kyauta ce aka miƙa wa na raga.

Saboda haka mai sabis ba ya neman ƙarfi kawai. Abin da aka fi so shi ne bugun farko ya shiga, kuma ya faɗi inda aka shirya: ko dai kusa da layin tsakiya, don mai karɓa ya rasa kusurwa, ko a jikinsa, don ya rasa wurin sakin hannu. Sabis na biyu ya fi taushi, kuma idan mai karɓa ya samu irinsa, na ragar ne ke shan wuya, don ƙwallo takan zo masa da gudu daga 'yar tazara.

Kafin kowane maki, abokan sukan matso su yi magana ƙasa-ƙasa, suna rufe baki da hannu ko da ƙwallo kada a karanci leɓɓansu. Wasu kuma da alama suke magana: na raga ya sa hannu a bayansa, inda abokinsa kaɗai ke gani, ya nuna da yatsa inda yake so a aika sabis, sannan ya buɗe tafi in zai tsallaka ko ya dunƙule in zai tsaya. Tsallakawa ita ce na raga ya bar gefensa ya yanko zuwa tsakiya ya tsinke ƙwallon da aka nufi abokinsa da ita. Sirrinta lokaci ne. In ya motsa da wuri, mai karɓa ya gan shi ya zura ƙwallo ta zirin da ya bari a buɗe. In ya makara, ƙwallo ta wuce shi, su biyun kuma suka taru a gefe ɗaya. Idan an yi alkawarin tsallakawa, dole mai sabis ya ruga ya toshe gefen da aka bari, ko da kuwa yana ganin shawarar ba ta yi ba.

Akwai tsayuwa iri-iri da ake rikita mai karɓa da su. A ɗaya, na raga yakan tsugunna a kan layin tsakiya, sabis ya wuce ta saman kansa, sannan ya zabura dama ko hagu kamar yadda aka shirya, mai karɓa bai san ina zai nufa ba. A wata, wadda ake jingina wa 'yan Ostareliya, na raga yakan tsaya gefe ɗaya da mai sabis ya toshe hanyar karkace, ya tilasta wa mai karɓa bugawa miƙe, inda raga ta fi tsayi kuma fili ya fi gajarta. Masu karɓa su ma suna da amsa. Idan sabis ya yi musu zafi, su biyun sukan ja da baya su tsaya a layin ƙarshe, ko mai karɓa ya cilla ƙwallo sama ta haye kan na raga, ya tilasta musu juyawa da sauya gefe.

Tsakiyar fili ita ce wurin da aka fi cin riba. A nan raga ta fi gajarta, ƙwallon da ta bi ta nan ba ta ba abokan hamayya kusurwar ramawa, kuma sau da yawa kowannensu yakan zaci ɗan'uwansa ne zai buga. Abokan da suka daɗe tare sun riga sun san ta wane ne, ba sai an yi kira ba. In ɗaya ya matsa hagu don bin ƙwallo, ɗayan ma ya matsa hagu da taku daidai, in ɗaya ya matso raga ɗayan ya biyo shi, kada rata ta buɗe a tsakaninsu. Manomin Bagega ko Gummi da ya taɓa ɗaura shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya ya san cewa kunya ba ta miƙewa sai takun shanun ya zo ɗaya, komai ƙarfin kowannensu. Dalili ke nan da ya sa manyan 'yan ɗai-ɗai biyu, waɗanda kowannensu zai cinye ɗan bibbiyu cikin sauƙi in su kaɗai ne a fili, sukan haɗu su sha kashi a hannun waɗanda sunansu bai kai nasu ba. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Rafael Nadal da Carlos Alcaraz sun buga wa Sifen tare, 'yan kallo suka cika fili dominsu, amma Austin Krajicek da Rajeev Ram na Amurka, waɗanda bibbiyu ce sana'arsu, suka fitar da su a zagayen kwata-fainal.

Zaɓen abokin wasa

Babu wata hukuma da ke haɗa abokan wasa a gasannin ATP. Kowa shi ke neman nasa, kuma ba dole su fito daga ƙasa ɗaya ba. Wasu sukan ƙulla yarjejeniyar shekara guda, wasu ta mako guda, wasu su shekara goma tare. Rabuwa ma ruwan dare ce, galibi a ƙarshen shekara ko bayan jerin rashin nasara.

Abin da ake dubawa shi ne wanda zai cike giɓin ɗan'uwansa: mai sabis mai ƙarfi da mai iya karɓa, mai zafin rai da mai sanyin hali, mai son gefen dama da mai son hagu. Gefen hagu nauyi ne da shi, domin yawancin makunan da ke yanke gem a nan ake karɓar su. Wani abin lura kuma shi ne yawan bahagwai a cikin shahararrun abokai. Tony Roche bahago ne, John Newcombe na dama. John McEnroe bahago ne, Peter Fleming na dama. Haka Mark Woodforde da Todd Woodbridge, haka Bob da Mike Bryan. Haɗin yana da amfani a fili: masu karɓa suna fuskantar sabis mai murɗawa ta fuska biyu daban-daban, abokan suna iya jera hannuwansu masu ƙarfi duka a tsakiya ko duka a gefe, kuma kowa yana iya zaɓar ɓangaren da rana ba za ta shiga idonsa ba yayin cilla ƙwallo.

Tun da gudu bai kai na ɗai-ɗai ba, kuma gogewa tana da daraja, 'yan bibbiyu sukan daɗe a fage. Daniel Nestor na Kanada ya ci wasa sama da 1,000 kafin ya yi ritaya a 2018 yana da shekara 46. Rohan Bopanna na Indiya ya ci gasar Ostareliya a 2024 tare da Matthew Ebden yana da shekara 43, ya kuma zama na ɗaya a duniya a karon farko a shekarar.

Tsarin gasa da rabon kuɗi

Gasannin maza hawa-hawa ne. A ƙasa akwai na hukumar tanis ta duniya, ITF, inda matasa ke fara tara maki. Sama da su akwai na Challenger, sannan na ATP masu ba wanda ya yi nasara maki 250, 500 ko 1,000, sai manyan huɗun nan masu maki 2,000. A ƙaramar gasar ATP abokai 16 ne ke shiga, a manyan huɗun kuwa 64. Sili-ɗaya-ƙwale ake yi: wanda aka doke ya tattara kayansa. Ana haɗa matsayin mutum biyun a jadawali don a ga ko sun cancanci shiga, kuma ɗan wasa yana iya amfani da matsayinsa na ɗai-ɗai in ya fi kyau. Waɗanda suka fi matsayi akan rarraba su a jadawalin gasa don kada su haɗu tun da wuri, sauran kuma ƙuri'a ce ke haɗa su. A ƙarshen shekara, abokai takwas da suka fi tara maki tare sukan haɗu a gasar rufe kaka, wadda ake yi a birnin Turin na Italiya tun 2021.

Wajen kuɗi ne bambancin ya fi fitowa. A Wimbledon ta 2024, zakaran ɗai-ɗai ya karɓi fam miliyan 2.7. Zakarun bibbiyu, Henry Patten na Birtaniya da Harri Heliövaara na Finlan, fam 650,000 aka ba su, su raba biyu. Wannan kuwa a gasa mafi daraja ke nan. A ƙananan gasanni, abin da ɗan bibbiyu zai samu in an fitar da shi da wuri ba lalle ya biya kuɗin jirgi da masauki da mai horarwa ba. Masu shirya gasa suna kafa hujja da cewa 'yan ɗai-ɗai ne ke jawo 'yan kallo da masu talla. Akwai gaskiya a ciki, amma wasan da ake yawan turawa ƙananan filaye, a lokacin da kyamara ba ta wurin, ba a ba shi damar jawo kowa ba tun farko.

A 2005 taƙaddamar ta kai kotu. ATP ta fito da shirin da zai sa shiga gasar bibbiyu ta dogara galibi a kan matsayin ɗai-ɗai, abin da zai kashe sana'ar waɗanda suka keɓe kansu ga bibbiyu. Gungun 'yan wasa, har da tagwayen Bryan, suka shigar da ƙara a Amurka. Daga baya aka sasanta: 'yan bibbiyu suka tsira da gurbinsu, suka kuma amince da taƙaitaccen lissafin da ake amfani da shi yanzu.

Waɗanda suka kafa tarihi

An fara gasar Wimbledon a 1877, aka ƙara ɓangaren maza 'yan bibbiyu a 1884, kuma tagwaye ne suka fara cinye shi, William da Ernest Renshaw. Bayansu wasu 'yan'uwan, Reginald da Laurence Doherty, suka ɗauke shi sau takwas tsakanin 1897 da 1905. A 1951 Frank Sedgman da Ken McGregor na Ostareliya suka cinye manyan gasanni huɗun duka a shekara ɗaya, abin da wasu abokai biyu maza ba su sake yi ba har yau. Newcombe da Roche sun ci manyan kofuna 12 tare.

A wancan zamani manyan 'yan wasa ɗai-ɗai da bibbiyu duka suke bugawa. McEnroe ya riƙe matsayi na ɗaya a ɗai-ɗai da bibbiyu, ya ci manyan kofuna bakwai da Fleming, huɗu a Wimbledon uku a Amurka. A 1992, yana gab da barin fage, ya sake cin Wimbledon tare da Michael Stich na Jamus, turmi na biyar ya ƙare 19 da 17. Da kuɗin ɗai-ɗai ya ƙaru, wasan kuma ya ƙara cin jiki, sai manyan suka riƙa janyewa don adana ƙarfinsu, fagen ya koma hannun waɗanda suka ƙware a kansa shi kaɗai. Woodbridge da Woodforde sun ci kofi 61 tare, 11 daga ciki manya, da zinaren Olamfik a Atlanta a 1996. Leander Paes da Mahesh Bhupathi na Indiya sun kai wasan ƙarshe a manyan huɗun duka a 1999, suka ci na Faransa da Wimbledon. Sai tagwayen Bryan, waɗanda suka ci manyan kofuna 16 da zinaren Landan a 2012, suka yi ritaya tare a 2020. A 2010 Bopanna ɗan Indiya da Aisam-ul-Haq Qureshi ɗan Pakistan suka kai wasan ƙarshe a Amurka, jakadun ƙasashen biyu a Majalisar Ɗinkin Duniya suka zauna tare suna kallo.

Inda darajar bibbiyu ba ta taɓa raguwa ba shi ne gasar ƙasashe. A kofin Davis, wanda aka fara a 1900, tsohon tsari wasa biyar ne cikin kwana uku, na bibbiyu a rana ta tsakiya, kuma sau da yawa wanda ya ci shi ne ke wucewa. A 2013 a Janiba, Tomáš Berdych da Lukáš Rosol na Jamhuriyar Cek suka doke Stan Wawrinka da Marco Chiudinelli na Siwizalan bayan sama da awa bakwai, turmi na biyar 24 da 22. A Olamfik ma, zinaren da Federer ya taɓa samu na bibbiyu ne, tare da Wawrinka a Beijin a 2008.

Afirka, Najeriya da Kano

A nahiyar Afirka, bibbiyu ta fi ɗai-ɗai kawo wa maza manyan kofuna. Frew McMillan na Afirka ta Kudu ya ci Wimbledon sau uku, a 1967 da 1972 da 1978. Byron Black na Zimbabuwe ya ci gasar Faransa a 1994, ƙanensa Wayne Black kuma shi da Kevin Ullyett suka ci ta Amurka a 2001 da ta Ostareliya a 2005. Raven Klaasen na Afirka ta Kudu ya kai wasan ƙarshe a Ostareliya a 2014 da Wimbledon a 2018.

Najeriya ta taɓa zama zango a taswirar ƙwararru. A Fabrairun 1976 aka yi wata babbar gasa a Legas da ta kawo Arthur Ashe, wanda a lokacin yake riƙe da kofin Wimbledon. Ana cikin gasar aka kashe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga wata, kuma kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka shiga fili suka tsayar da wasan Ashe da Jeff Borowiak. Duk da haka Legas ta ci gaba da karɓar gasannin ƙwararru a shekarun da suka biyo, haka ma Benin, Kaduna kuwa ta yi suna da gasarta ta filin jar ƙasa.

A wannan yanayi Nduka Odizor ya taso. An haife shi a Legas a 1958, ya fara da tsintar wa masu wasa ƙwallo, ya yi karatu a Jami'ar Houston a Amurka. A 1983 ya doke Guillermo Vilas a zagayen farko na Wimbledon ya kai zagaye na huɗu, ya kuma ci kofin ɗai-ɗai a Taipei. Da waɗannan aka fi tuna shi, amma a bibbiyu ya fi yin nisa. Matsayinsa mafi girma a ɗai-ɗai na 52 ne, a bibbiyu kuwa ya kai na 20 a duniya a 1984, ya ci kofi bakwai, da dama daga ciki tare da Ba'amurke David Dowlen. Babu wani namiji da ya buga wa Najeriya da ya kai wannan matsayi, kafinsa ko bayansa. A 1988, da tanis ya dawo cikin wasannin Olamfik masu lambar yabo a karon farko tun 1924, Odizor da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi ne suka wakilci ƙasar a birnin Seoul.

A ƙasar Hausa, gasar da ta fi kusa da wannan tsari ita ce Dala Hard Court ta Kano, wadda ta ci sunan dutsen Dala. Tun shekarun 1980 ake yin ta a kan fili mai tauri, tana cikin daɗaɗɗun gasannin ƙasar, kuma tana tara manyan 'yan wasan Najeriya daga kudu da arewa, maza da mata, ɗai-ɗai da bibbiyu, da kyautar kuɗi. Gasa ce ta cikin gida, kamar ta Babban Bankin Najeriya, don haka makinta a jadawalin ƙasa yake ƙirguwa. Mai neman makin duniya sai ya shiga gasannin ITF, irin waɗanda aka sha yi a Legas da Abuja, ko ya ƙetare iyaka da kuɗin aljihunsa ko na mai ɗaukar nauyi. A irin waɗannan gasanni na gida, mutanen da suka buga ɗai-ɗai da safe su ne ke dawowa bibbiyu da yamma, sau da yawa da abokin da aka samu a makon, don kuɗin bai isa mutum ya keɓe kansa ga ɓangare ɗaya ba. Illar haka ita ce ba a samun abokan da suka daɗe tare har suka san takun juna. A ƙananan rukunonin kofin Davis na Afirka kuwa, wasa uku ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa, biyu na ɗai-ɗai ɗaya na bibbiyu, kuma duk ranar da aka yi ɗaya da ɗaya, na bibbiyun ne ke nuna wanda ya ci.